Tsirkiya ta Shida

Litinin, 3 ga Maris

Na iso gida Waimea daga Honolulu, ana ruwa kamar kullum. Baba ya gane ni, amma baki ya tafi, hannun dama ma ya tafi. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Laraba, 5 ga Maris

Gwaggo Momilani, ƙanwar Baba, ta sauko da jitarsa daga kan kabad, tsirkiyoyi shida duk a sake. Haka yake yi tun muna yara: yana gama kiɗa sai ya murɗe kunnuwanta, kada wani ya saci salon ɗaurin tsirkiya na gidanmu. Wajen kakansa makiyayin shanu ya gaje shi, ba a taɓa rubutawa ba. Yanzu a kansa kaɗai yake.

"Ke kika rage, Ululani," in ji Gwaggo.

Ni? Ina shekara tara na roƙe shi ya koya mini, ya ce na Kaleo ne, shi ne namiji. Yaya Kaleo yana can Las Vegas, ko waya ba ya ɗagawa. Jinya na zo yi. Kuma ni ban taɓa gane kiɗan da babu waƙa a cikinsa ba. Me yake cewa?

Asabar, 8 ga Maris

Don Gwaggo ta sarara mini, na zauna gefen gadonsa ina murɗa tsirkiya ta farko. Ya yi ta yamutsa fuska. Can sai ya bugi katifa da hannun hagu, sau biyu. Ashe a nan ɗaurinta yake. Tsohon nan, ko a kwance bai bar mulki ba.

Talata, 11 ga Maris

Tsirkiya uku sun ɗauru. Yana saurin gajiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Biyar. Na shafa su gaba ɗaya ban danna komai ba, sai sautin ya dawo mini da yarintata. Warin jiƙaƙƙen sirdi, marigayiya Mama tana dama poi, kunun gwaza, a baranda, ni a laɓe bayan ƙofa ina satar jin abin da aka hana ni. Na fita wajen garke na yi kuka har da majina. Haushi ya kama ni. Wayoyi biyar ne fa a jikin katako.

Gwaggo ta ce da waƙa ce, da mawaƙi ya zaɓa mini abin da zan ji. "Wannan kuwa naki yake tonowa, 'yar nan. Share hancinki, kin yi muni."

Lahadi, 16 ga Maris

Ciwon ya sake bugunsa da safe. Hannun hagun ma ya daina motsi. Saura tsirkiya ɗaya, mai kaurin.

Na yi masa tas a zuciyata. Shekara talatin yana ɓoyo, ga inda ɓoyon ya kai mu. Sai kuma na ga yadda yake kallon jitar, ido cike da hawaye. Ya san abin da ya yi. Na ji kunya, na gyara masa matashi.

Alhamis, 20 ga Maris

Da hantsi yana barci na ɗauki jitar na zauna a baranda. Ba don komai ba. Kwana huɗu ina ɗaure mai kaurin tamau, ta ƙi shiga cikin 'yan uwanta. Yau sai na sassauta ta, ƙasa, ƙasa, har na ce wannan ai ta lalace. A nan ta zauna daram. Tsikar jikina ta tashi tun daga wuya har gwiwar hannu. Ban waiga neman yardar kowa ba.

Cokali ya faɗi a kicin. Gwaggo ta fito hannu duk fulawa, tana dube-dube.

"Na ɗauka babanki ne ya tashi," ta ce.

Litinin ya kamata in koma bakin aiki. Na kira su na ce a ƙara mini wata guda, saboda jikin Baba. Abin da na gaya musu ke nan.