Burgamin Baba a Taron Sharabi

Litinin, 6 Nuwamba 1961
Na fara koyon aikin wayar da kai a ofishin gandun daji, Bagudo. Shugabana, Mista Akinwale, ya ce in shawo kan mutanen Sharabi su ƙona dajinsu da wuri, tun ciyawa na da ɗanye, kada wutar rani ta cinye ƙananan itatuwa. In sun yarda, a tabbatar da ni a aikin. In sun ƙi, in koma awon gyaɗa. Ni da na kai kaina makarantar midil da dakon kifi a bakin kogin Kwara? Za su yarda.

Alhamis, 9 Nuwamba
Sharabi. Wando, takalmi, hotuna. Bayani na yi mai kyau ƙwarai. Ɗanliti, sarkin mafarauta, ko kallona bai yi ba. Wai a taronsu sai mai kirari ke magana. Wani ya ce, "Ɗan boko, mi ag gadonka? Alli?" Aka kwashe da dariya.
Tun shigata makaranta ban taɓa gaya wa kowa sana'ar Baba ba.

Asabar, 11 Nuwamba
Awon gyaɗa. Allah ya kiyaye.

Laraba, 15 Nuwamba
Na koma da burgamin farautar Baba, jakarsa ta fata, a kafaɗa. Na tuɓe takalmi, na shiga tsakiya, na saki kirarin Baba, Hassan na Zagga, da wata murya da ban san ina da ita ba. Ɗanliti ya zabura. "Kai ɗan Hassan na? Ja'iri! Ubanka ya goyo ni ranar da ɓauna ta karya ni, kai ka zo kana nuna muna hoton icce!" Ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na ce wutar wuri tana barin mafaka, nama ya hayayyafa. Sun yarda a gwada yamma da gari.

Lahadi, 19 Nuwamba
An sa wuta. Ta bi a hankali, ta mutu da kanta a bakin fadama.

Talata, 23 Janairu 1962
Wuta ta ƙetaro daga Dahomey, ta iso inda muka ƙona, ta rasa abin ci. Ƙananan ɗorawa da kaɗanya duk suna tsaye. Akinwale ya ce an tabbatar da ni. Da ma na faɗa!
Burgamin yana rataye a ofis, don dai ƙusar can ta fi ƙarfi. Ran Juma'a zan leƙa wurin Baba Ɗanliti. Ashe rabin kirarin na sani, sauran yana wurinsa.