Ƙafar da Na Yafe

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta sauka lafiya. Namiji. Na zama kaka, ni da na fara cire rai.

Muna kan babur ni da tsohuwata, wato matata, za mu asibiti, motar wani kamfanin kai kaya ta fito daga kwana ta kwashe mu. Ni gwiwa kawai na kurje. Ita ƙafa ce, an kwantar da ita a ɗakin ƙasa, jikan yana sama. Direban ya biyo mu yana kuka, ga ɗan sanda tare da shi. Daidai lokacin aka miƙo mini jariri. Na ce da direban ya je, na yafe, yau ba ranar rigima ba ce. Ɗan sandan ya ce in sa hannu. Na rubuta sunana cikakke, yadda aka koya mana a ajin yamma, ba dangwale ba. Har na ji daɗin kaina.

Alhamis, 6 ga Maris

Yaron hancina ya ɗauko. Na ce masa in ƙwacen mata ya zo yi, ya makara, ta tsufa. Tsohuwata ta yi dariya har ƙafar ta motsa, sai ciwo ya katse ta.

Lahadi, 9 ga Maris

Likita ya nuna mini hoton ƙashi. Karaya biyu, ta kusa da ƙugu sai an yi aiki an sa ƙarfe. In aka ja lokaci, wataƙila ba za ta ƙara taka keken ɗinkinta ba. Abin da aikin zai ci, ko na sayar da duk katakon shagona da injin yankan, bai kai ba.

Na je shago na kasa riƙe zarto.

Laraba, 12 ga Maris

Auta ta ce, “Baba, motar kamfani ce, tana da inshora. A ga lauya.” Na ce na riga na yafe a gaban mutane, da furfurata zan koma in lashe amaina? Ta ce to ƙafar Mama fa. Na daka mata tsawa, mai jego. Ban kyauta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ina gyara wa tsohuwata matashi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Malam, kai ka yafe. Ni ina kwance a ƙasa, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni.”

Na ci gaba da gyara matashin.

Talata, 18 ga Maris

Na je wurin wata lauya, a ɓoye, wai don in ji kawai. Mace ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta ce hanya uku ce: a zauna sulhu da kamfanin, ko a nemi diyya wurin masu inshorarsu, in sun ƙi a shigar da ƙara. Ta ce a adana takardun asibiti da hoton ƙashi, a nemo waɗanda suka ga abin, kuma kada a yi sanya, ƙara tana da wa'adi.

Na faɗa mata na sa hannu. Ta ce, “Baba, gwiwarka ka yafe, kuma Allah ya ba da lada. Ƙafar ta wa ce?”

Na tambaya ko za a ɗaure direban. Ta ce neman diyya daban, ɗauri daban, amma ba ta yi mini alkawarin ba za a kore shi daga aiki ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Yaron nan direba ya ce mini yana da 'ya'ya.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai shagon da ke kwanar ya yarda zai ba da shaida. Amma sai da ya ce, “Au, kafinta, ba kai ne ka yafe ba?” Na sunkuyar da kai. Gobe duk layinmu za a ji.

Asabar, 22 ga Maris

Direban ya zo dubiya da lemo a leda. Na shige banɗaki har ya tafi. Tsoho da ni.

Litinin, 24 ga Maris

Lauyar ta zo asibiti da kanta. Ta tambayi yadda ƙafar take, sai tsohuwata ta juyo ta dube ni, kamar yadda ta saba a gaban baƙi. Na buɗe baki, sai na ce bari in duba babur, na fita. Alhali babur ɗin yana wurin mai gyara tun ranar haɗarin.

Daga bakin ƙofa na ji tsohuwata tana magana. Ashe ba ta barci don ciwo. Ashe ta ga direban da waya a kunne. Ban sani ba, ban tambaya ba. Ta ce a fara da inshora, in sun ƙi a je kotu, kuma a rubuta cewa ba ta son a kori yaron.

Da na koma ta ce, “Malam, ka ji abin da na yanke?”

Na ce takardun suna gida, bari in ɗauko.