Shirun da Na Ba Sifili

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Dakoro. Zafi, ga ba rezon waya sai na fita bakin titi. Maƙalata kan gigin tsufa a karkarar nan ta kai ambato 212, wato masu bincike 212 sun kafa hujja da ita. Sauran maƙaloli goma sha uku, a haɗe ba su kai hamsin ba. Maƙalar nan ɗaya ita ce ke riƙe da dosiyen neman ƙarin girmana a jami'a, wanda zan miƙa ranar 20. Shekara tara ina jira. Na gaji da ƙidaya kaina.

Laraba, 7 ga Mayu

Na koma ƙauyen da ke gefen Birnin Lalle duba tsofaffin da muka gwada shekara shida baya. A takardunmu Iya Uwale "ta ruɗe sosai". Na same ta tana tsefe kan jikarta. Ta gane ni, ta ce wancan zuwan da ciki na zo, namiji ne ko mace? Ni da digirina, sai da na duba takarda kafin na tuna sunanta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Maƙwabcinta Jimrau ya cinye mata iyakar gona. Ita kaɗai ta san inda marigayi mijinta ya dasa gamba don alamar iyaka. Gaban maigari aka ƙi shaidarta, don kowa ya san akwai takardar likita da ta ce ta gigice. Sa hannuna ne a ƙasa. Za a yanke magana ran Lahadi 18, kafin ruwan shuka.

Asabar, 10 ga Mayu

Na tambaye ta me ya faru ranar gwajin. Ta ce, "Mi zan ce masu? Sun ce in faɗi sunan mai gidana da na ɗana na fari. A bakina? Sai na duƙar da kai."

Alkunya. Masu tambayar sun rubuta sifili biyu, kamar yadda na koya musu: shiru sifili ne. Ni na fassara tambayoyin nan daga Faransanci, ina zaune a ofis mai sanyi. Ni, wadda Innata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan ɗanta na fari, Yaya Ɗayyabu, ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na buɗe ordinater, wato kwamfuta, na sake lissafi. Mata 94 muka ce suna da cutar. In an mayar da makin tambayoyin nan biyu, 61 lafiyarsu ƙalau. Adadin da duniya ke ta ɗauka daga bakina ba gaskiya ba ne. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na kira Jibril, wanda muka rubuta maƙalar tare. Ya ce, "Halimatu, ki bari dosiye ya wuce tukun, wata biyu ne kawai. Wa ya sani?" Na ce to. Wallahi na ce to, kuma na ji sanyi a raina da na faɗa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ambato ya kai 213. Wani a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Hadari ya taso gabas, bai zuba ba. Maigari ya aiko cewa magana ba ta soke takarda, sai wata takardar mai hatimi. In na rubuta musu cewa gwajin da kuskure, ba ni da bakin ɓoye wa mujallar da ta buga maƙalar. Shekara tara.

Litinin, 19 ga Mayu

Jiya na karanta sabuwar takardar da na rubuta gaban mutane. Iya Uwale ta shiga gaba da sandarta, ta nuna wuri bakwai, aka tona, saiwar gamba na nan a biyar. Jimrau ya ce ai shi ma abin da ya ji ya faɗa. Gaskiyarsa.

Da safe na aika wa mujallar wasiƙa, na zare maƙalar daga dosiye. Abin da ya rage siriri ne, ban ga zai wuce ba. Jibril ba ya ɗaukar waya.

Da zan tafi jiya ta riƙe mayafina. "Ɗiyata, da ke kika tambaye ni, ke ma ba ni gaya miki. Amma ke da kin gane."

Ban ce na ji daɗi ba, gajiya ce dai har ƙashi. Na sa an zuba wa mota mai. Saura mata sittin da zan gyara wa takarda, goma sha ɗaya a Kornaka suke, gobe da safe can zan bi.