Injin Hajiya Tani da Zuciyar Kifi

Baban Rashida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Mu duk lafiya, Rashida na gaishe ka.

Hankalina dai ba a kwance yake ba. Na'urar hangen ƙananan halittu da aka ara wa ɗakin bincikenmu na Ƙofar Sauri, ranar Litinin za a mayar da ita. Ka tuna bayaninta: haske take tsagowa ta gefe, siriri kamar bakin reza, ta haska yanki ɗaya na ƙwan kifi mai rai ba tare da ta ƙona shi ba. Ƙwayoyin zuciyarsa sai su yi ta walƙiya kore. Burina in ɗauki hoton bugun zuciyar na farko, don aikin digirina a kansa ya rataya. Ƙwai na ƙarshe ya rage min.

Matsalar maƙwabciyar ɗakin binciken ce, Hajiya Tani mai injin markaɗe. Da ta tayar da shi teburin na'urar zai hau rawa, hoton ya zama kunu. Ga bikin 'yar ƙaninta jibi. Da wane baki zan ce ta kashe?

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Zulaihat

Baban Rashida,

Bayan gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Na cire kunya na je wurin Hajiya Tani. Ta sha dariya, wai da girmana ina renon ƙwai kamar kaza, amma ta yi alkawarin injin zai kwana biyu shiru. Har hawaye na yi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Don kyautata min, ta tara matan gidan suka fito da turame don dakan kayan bikin, suka jera su jikin katangarmu. Wallahi gara injin sau goma! Kowace taɓarya a ƙirjina take sauka. Na kasa fita. Mutanen da suka ɗauki wahala dominki, ki ce musu sun ɓata miki aiki? Ina zaune ina kallon zuciyar tana haɗuwa cikin dishi-dishi, lokacinta na matsowa. Tsoro nake ji ƙwarai.

Taka,
Zulaihat

Baban Rashida,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kana lafiya. Ana kiran azahar taɓare suka tsaya, matan suka tafi alwala. Hoton ya washe tas. A wannan ɗan shirun abin nan kore ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Na samu, Baban Rashida.

Da la'asar Hajiya ta leƙo, tafin hannunta duk ya yi bororo. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kin ga amfanin dakan da muka yi miki ko?"

Na ce mata na gani. Ka riƙe min wannan sirrin har abada.

Matarka,
Zulaihat