Takwas Biyu, Babu Tanko

Daren Talata, watan Safar, Makka.

Yau mun koma karta a ɗakin Ilu direba, ƙofa a kulle, ana zuba kuɗi girshi-girshi. Takwas biyu suka zo hannuna. Tanko, abokin ɗiban ruwana, kullum yakan ce, "In ta ukun ba ta fito ba, ajiye. Mutanen nan ba sa gudu." Sai ya taka min ƙafa.

Ba ta fito ba. Na yi ta bi ina jiran a taka ni, har Ilu ya kwashe kuɗin da sarki biyu.

Wallahi ba kuɗin ke cina ba. Ran Juma'a muka binne Tanko. Yau wani baƙo ya zauna a gurbinsa, kuma ni na matsa masa.