Riga ta Biyar

Howrah, 3 ga Agusta

Dida tawa,

Kakata, na taɓa ƙafafunki daga nesa don girmamawa. Yaya gwiwar taki? Da fatan ruwan bana bai sake shiga ɗakin girki ba. Mu duk lafiya.

Dida, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kin san masana'antar Baba ta samu tallafin bincike na gwamnati, don a yi wa sojojin kan duwatsun ƙanƙara rigar sanyi mara nauyi. Wani sabon abu ake shimfiɗawa a cikinta, fari kamar auduga. Tapan-da, injiniyan Baba, ya kai riguna takwas gwaji. A dukkansu sanyi ya bi ta hujin allurar keken ɗinki, ban da ta biyar. Ita kaɗai ta ci.

Ni na ɗinka cikinta. Ranar an ɗauke wuta, kowa ya fita shan shayi, sai na ƙarasa ta da hannu, irin ɗinkin da kike wa bargon jarirai, allura ta tsaya a tsakiya ba ta ɓulla ba. Aka rufe da shafi, ba wanda ya gani. Alhali Baba ya hana ni taɓa kayan gwaji.

Yanzu an ba su mako uku su faɗi dalilin da ta ci. In sun kasa, tallafin ya tsaya, mutum shida su rasa aiki. Baba ko kifi ba ya iya ci. Ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa.

Ki gaishe da Mami, matar Kawu.

Jikarki,
Rumki

Howrah, 12 ga Agusta

Dida tawa,

Na sake taɓa ƙafafunki. Alewar kwakwar da kika aiko ta iso. Kina shafa man gwiwar kuwa?

Ban iya faɗa da baki ba. Farke shafin na yi, na ajiye rigar gaban Baba da allurata a soke. Ya daɗe yana kallo. Tapan-da, mai kirana ɓera don ba na magana, ya ce wai digirinsa biyu amma ɓera ya kayar da shi, in zauna in koya masa. Baba bai yi faɗa ba. Kujerarsa ya ba ni.

Yanzu suna gwada lanƙwasasshiyar allura a keke, don ta yi irin ɗinkin nan ba tare da ta ɓulla ba. An sa sunana a rahoton, na sa an ƙara naki. Sai dai da Turanci yake, sunayenmu kaɗai na iya karantawa.

Jiya na bi ta makarantar da na bari, na karɓo takardar komawa. Na cike ta, tana cikin gwangwanin zarena. Ranar Litinin zan kai da kaina. Ke kaɗai kika sani.

Ki sa mini albarka.

Jikarki mai kewarki,
Rumki