Tarin Jirgin Amílcar

Rafaela, Disamba 1986

Yaya Elvio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Ofelia kuna lafiya, kuma ƙafar nan ta daina damunka.

Yaya, na gaji. Mijina Amílcar ya gama jirgin nan da ya daɗe yana ƙerawa a rumfar tarakta, wanda ya cinye mini labulen ɗaki biyu da teburin cin abinci. Ya ɗaura masa injin tsohuwar mota, har ya tashi da shi sau uku. Duk lokacin da ya ɗaga hanci sama, sai injin ya yi tari kamar tsoho mai mura. Daga bakin garken shanu nake jinsa. Na ce, "Amílcar, abin nan tari yake." Ya ce, "Gyaran murya yake, mata. Ke ma kina yi da safe."

Da kansa kaɗai ne da na zuba masa ido. To amma ya yi wa jikarmu Delfina alkawarin ɗaukar ta ranar bikin ƙungiyar matuƙa a watan gobe. Yarinyar har ta sanar da duk 'yan ajinsu. Uwarta kuwa, 'yarmu, ba ta iya yi wa Amílcar musu.

Kai ka tsufa kana tuƙa jirgin feshin gona. Na san ba ku shiri tun gardamar da kuka yi a bikin Kirsimetin bara, amma ka rubuto masa. Ni in na yi magana, sai ya miƙo mini ƙoƙon shayin mate ya ce in sha in huce.

Ƙanwarka,
Nélida

Río Cuarto, Disamba 1986

Zuwa ga Amílcar,

Ina gaishe ka da iyali, tare da fatan an ga damina lafiya.

Labari ya iso mini cewa injinka na tari in yana hawa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ba gyaran murya ba ne, yunwa ce. Fetur ne ba ya isa kafireta yadda ya kamata. Na tuna lokacin da ka nuna mini aikin, tiyon man yana bi ta gefen bututun hayaƙi. Na faɗa maka a lokacin, ka ce in je in koya wa kaji tashi. A zafin nan namu, fetur ɗin mota tafasa yake a cikin tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya jan tururi. Mota in ta yi haka, gefen hanya za ka tsaya ka sha taba. A sama babu gefen hanya.

Abu biyu nake so ka yi. Ka janye tiyon daga wurin zafi, ka naɗe shi. Sannan ka ƙara famfo na biyu, mai aiki da batir, wanda za ka kunna duk lokacin tashi da sauka. Bayan haka ka ɗaure jirgin a ƙasa, hancinsa sama, ka ba shi wuta da tsakar rana ka ga ko zai jure.

Na binne abokai biyu da suka fi ka iya tuƙi. Kada ka sa yarinyar nan a ciki.

Naka,
Elvio

Rafaela, Janairu 1987

Malam Elvio, shugaban matuƙan duniya,

Gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta wa shanu, sun ce a gode maka.

Datti ne a cikin man, na wanke tanki na canja matacin mai, magana ta ƙare. Tiyon nan kuwa sai na kwance rabin gaban jirgin kafin in taɓa shi, aikin da na yi da hannuna ba tare da kowa ya riƙe mini ko sifana ba. Kai jiragen da wasu suka ƙera ka tuƙa. Ni nawa na san kowace ƙusa a jikinsa.

Kuma ka gaya wa ƙanwarka ta daina kai ƙarata gari-gari. Delfina jikata ce, ba na bukatar wani ya koya mini sonta.

A gaida Ofelia, ita ba ruwanta.

Amílcar

Rafaela, Janairu 1987

Yaya Elvio,

Ina gaishe ku. Ka zauna kafin ka karanta, amma ka kwantar da hankalinka, babu wanda ya mutu.

Ana gobe biki na tare shi a ƙofar rumfa na ce, "Yarinyar nan ba za ta hau ba sai ka tashi kai kaɗai da rana tsaka na ji da kunnena." Ya ce, "Ke da yayanku kun haɗa baki." Na ce, "Mun haɗa. Sai me?" Ya buga ƙofa, ya turo jirgin waje.

Yaya, zafin ranar ko karnuka sun shige ƙarƙashin mota. Ya tashi lafiya. Ina tsaye da Delfina a bakin shinge, yana ɗaga hanci daidai kan layin dogayen itatuwan maƙwabcinmu Don Tulio, sai injin ya yi tari sau biyu ya yi tsit. Ban taɓa jin shiru mai muni irin wannan ba. Delfina ta ce, "Kaka, me ya sa ya kashe?" Muna kallo yana gangarowa kan itatuwan. Can sai injin ya yi gurnani ya kama, ya ɗan ɗago, ƙafafun jirgin suka share ganyen sama suka wuce. Ya sauka a gonar ciyawar Don Tulio, taya ɗaya ta faɗa rami, jirgin ya kifa da hanci, farfela ta karye.

Da muka isa ya riga ya fito, hannun dama na lilo, yana zagin ramin. Don Tulio na ta ihu an firgita masa shanu ba za su ba da nono ba. Ni kuwa ban san lokacin da na cire takalmi na kwaɗa wa mijina a kafaɗa ba, sannan na rungume shi.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. A asibiti, allura na aiki a jikinsa, likita ya tambaye shi yadda injin ya farfaɗo. Sai ya ce, "Famfon tsohon nan na kunna." Na ce, "Wane famfo?" Ya rufe ido ya yi kamar barci. Ashe a makon da ya aiko maka da waccan takardar rashin kunya, ya je gari a ɓoye ya sayo famfon batir ya ɗaura. Tiyon ne ya ƙi taɓawa. Rabin maganarka ya ɗauka, rabin ne kuma ya dawo mini da shi gida.

Yanzu yana kwance da filasta har kafaɗa, komai sai na yanka masa, yana kuma ba ni umarni. Delfina ta daina zancen jirgi, jiya ma na ji tana kuka a bayan gida. Ban san wanda zan fara lallashi ba.

Taka a gajiye,
Nélida

Rafaela, Fabrairu 1987

Elvio,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Gaban jirgin ya riga ya kwance da kansa, saboda haka tiyon yana fili. Ba na iya riƙe komai. In ƙafarka za ta bari, ka zo ƙarshen wata. Zan sa a yanka ɗan maraƙi a gasa.

Na gaya wa Delfina ba ita ba hawa sai ranar da kai ka ce. Ta tambaye ni ko na ji tsoro. Na ce mata e.

Kada ka gaya wa Nélida na rubuto maka.

Surukinka,
Amílcar